Jamilun Wasila ko Bellon Confusion Na Wa: ina Ali Nuhu ya fi nuna iyawa?

Nura K/Marusa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, nasan in na faɗeta wasu zasu taso mani amma bari dai in faɗa. Ni a ganina mu 'yan arewa bamu taɓa cin moriyar Ali Nuhu yadda ya kamata ba. Mutumin nan tun 1999 yake fim, daga Abin Sirri Ne har yau, mun naɗa mashi Sarki, mun liƙa hotonshi a shagon aski da bayan mota, amma in ka zauna ka duba rawar da aka riƙa bashi a shekarun farko kusan guda ɗaya ce, saurayi ɗan gayu mai sanyin magana, yana son wata wata na sonshi, iyaye sun hana, a fita lambu ayi waƙa a dawo ayi kuka. Sai da daraktocin kudu da na Jos suka ɗaukeshi sannan aka ga ashe akwai abinda ke cikinshi da bamu tono ba. Duk mai musu yaje ya nemi Confusion Na Wa ya kalla sannan ya dawo muyi magana.

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam. Haba Nura, da safen nan? Kai shekararka nawa lokacin da Sangaya ya fito da zaka ce ba'a ci moriyarshi ba. Mu da muka ga lokacin mu zamu baka labari, a Rafindaɗi gidan da ke da bidiyo tsakar gida cika yake da mata da yara har zaure, ana kallon Ali a matsayin yarima yana son Zubaina 'yar aikin gidansu, Fati Mohammed kenan, wallahi akwai matan da suke share hawaye da bakin zane. In ba iyawa ba me zaisa babbar mace mai 'ya'ya ta zauna tana kuka akan labarin da tasan shiri ne?

Nura K/Marusa:
Anti ban ce bai iya ba fa, cewa nayi an ƙuntata shi. Ya iya abu goma an ce yayi ɗaya.

Maman Ihsan:
To Wasila fa? Shima rawa da waƙa ne kawai? Miji ne da matarshi taci amanarshi da wani, a lokacin fim ɗin Hausa bai saba taɓo irin wannan maganar ba, har faɗa akayi a gidaje akan a bar yara su kalla ko kar a bari. Jamilu, mijin da Ali ya fito a matsayinshi, ba ɗan gayu bane a wurin nan, mutum ne da aka karya ma zuciya.

Nura K/Marusa:
Yauwa Anti, Allah ya saka, kin kawo ni inda nake son zuwa. Ki ajiye Wasila a gefe ɗaya ki ajiye Confusion Na Wa a gefe, ciwo ɗaya ne aka bashi ya nuna a duka biyun, mijin da matarshi ke bin wani. A Wasila na Yakubu Lere duk abinda ke zuciyar Jamilu sai an faɗa maki shi, ko da baki ko da waƙa, kiɗa ne ke gaya maki yanzu lokacin tausayi yayi. A Confusion Na Wa na Kenneth Gyang, 2013, sunanshi Bello, ƙaramin ma'aikacin ofis ne wanda kowa ya raina, a wurin aiki ana taka shi a gida matar bata ganinshi da gashi, tana tare da wani mai kuɗi wanda Ramsey Nouah ya fito a matsayinshi, kuma duk asirin yana cikin wayar da wasu samari biyu suka tsinta suka riƙe. Ki kalli yadda yake tsayuwa a fim ɗin, kafaɗa a sauke, in ana mashi faɗa idonshi na ƙasa yana haɗiye magana, murmushin nan nashi da muka sani duk ya ɓace sai wani irin murmushin mai neman a ƙyale shi. Ba waƙa, ba mai faɗa maki abinda yake ji, jikinshi ne kawai ke magana. Ni wallahi na manta Sarki nake kallo, sai naga kamar wani magatakarda ne da na sani a sakatariya. Kuma fim ɗin shine ya ci kyautar fim mafi kyau na AMAA, gasar finafinan Afirka, a shekarar, ba ƙaramin abu bane.

Abbati Layout:
Ni dai duk wannan dogon turancin bai dameni ba, Adam Zango ya fishi iya aktin ko ku yarda ko kar ku yarda. Ku kalli Basaja ku kalli Gwaska. Mutum yayi rawa yayi waƙa da bakinshi yayi faɗa yayi ɗan damfara, me ya rage.

Yaya Murtala (admin):
Abbati dan Allah kar ka maida muna zancen nan faɗan 'yan Ali da 'yan Adamu, mun sha wannan a baya har sai da aka fitar da mutane. Kowa da nashi. Maganar Nura akan rawar da aka ba mutum ce, a tsaya a kanta.

Baba Sani mai kaset:
Salamu alaikum. Na ga ana zancen zamaninmu shi yasa na sa baki. Nura ɗana maganarka akwai gaskiya ciki amma ka ɗora laihin inda ba nan yake ba. Ni na yi hayar kaset shekaru a nan cikin gari, kuma ni ke tahiya Kano kasuwar Ƙofar Wambai in ɗauko kaya, to bari in gaya maka yadda abin yake tahiya a lokacin. Furodusa in ya gama fim kwali yake bugawa, shi zai kai ma 'yan kasuwa su saye, su kuma su zuba fim ɗin a kaset su saka cikin kwalin. To kuɗin furodusa yana ga yawan kwalin da aka ɗauka. Ɗan kasuwa kuma kafin ya ɗauka tambaya biyu yake yi, wa ke jikin kwali, waƙa nawa ke ciki. Baya tambayar labari. In ya ga Ali da Fati, ko Ali da Abida, ko marigayi Ahmad S. Nuhu, hannu na rawa zai ɗauka. In ka kawo mashi fim ka ce Ali ya hito a matsayin mahaukaci ko ɗan dako ba waƙa ko ɗaya sai ya ce maka je ka dawo. Sau da yawa ma waƙar ake fara yi a situdiyo, a saka ta a tallan da ke gaban wani fim, mutane su haddace ta tun fim bai hito ba, mata su aiko yara shagona suna tambaya fim mai waƙa kaza ya iso? basu ma san sunan fim ɗin ba. To a irin wagga kasuwa wa zai ɗauki kuɗinshi ya ce bari in gwada Ali a wata rawa. Kamar mai tuwon saidawa ce, miyar da ake saye ita take kaɗawa. Mu masu kallo mu muka ƙuntata shi in ma an ƙuntata shi, ba daraktoci ba.

Maman Ihsan:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi haka akayi. Ni kaina na sha aiken ƙanena da sunan waƙa.

Nura K/Marusa:
Baba na gode, ai ni ma da nace "mu" har da masu kallo nake nufi. Amma ga tambaya, shi da ya buɗe FKD tun da wuri, kamfani nashi, kuɗi nashi, shine furodusa shine darakta wani lokacin, me ya hana shi rubuta ma kanshi rawar da zata fito da abinda ke cikinshi? Nan ne nake ganin shima yana da kaso. Ya fi kowa son salon Indiya kuma bai taɓa ɓoyewa ba, finafinan FKD su suka ƙara kafa wannan salon a Kannywood.

Baba Sani mai kaset:
Kamfani nashi amma kasuwa ba tashi ba ce ɗana. Shi ma Ƙofar Wambai zai kai kwalin. Kuma salon Indiya da kake cewa ba Ali ya kawo shi ba, tun kahin a haihi da yawanku a nan mutanenmu ke cika silima kallon Indiya, tun su Amitabh da Dharmendra, akwai waɗanda ko Hausar boko basu karantawa amma su rera maka waƙar Indiya daga farko har ƙarshe. Ya tarar da abin ne ya iya shi fiye da saura.

Malam Hamisu Daura:
Barkanmu da war haka. Ina bin zancen tun ɗazu daga nan Daura. Ni ina tare da Nura rabi, amma akwai fim ɗin da ba wanda ya ambata kuma a wurina shine amsar tambayar, Blood and Henna, 2012, shima Kenneth Gyang ne yayi shi, Ali Nuhu da Nafisa Abdullahi. Sunan ne kawai na turanci, labarin namu ne tsantsa. An gina shi akan abinda ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan akan yara wajen 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa, akayi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. To a fim ɗin Ali ba yarima bane ba ɗan mai kuɗi ba, mutum ne da ya dawo gida daga Legas bayan ya rasa abinda ya tara, yayi aure yana neman rufin asiri sai annoba ta shigo mashi gida. Akwai soyayya a ciki amma irin ta talaka, ta miji da mata da ke tsaye bakin asibiti. Abinda nake so ku lura dashi shine wannan ya nuna ba sai ya tafi kudu yayi turanci ba kafin ya nuna iyawa, ko a cikin rigarmu da yarenmu in aka bashi rubutu mai nauyi zai ɗauka. Matsalar ita ce mutum nawa a cikin gidan nan suka kalle shi? Ku faɗi gaskiya.

Anti Rabi S/Unguwa:
Ni ban kalla ba Malam, yau na fara jin sunanshi ma.

Abbati Layout:
Nima haka.

Malam Hamisu Daura:
To kun gani. An yi fim akan yaranmu da aka cuta, ya shiga gasar Afirka, amma a Katsina da Daura ba'a san dashi ba, wanda aka sani shine mai waƙa. Shi yasa nace rabi nake tare da Nura. Ya bada, mu ne bamu karɓa ba.

Nura K/Marusa:
Malam wannan ya ƙara ƙarfafa maganata ne ai. Kuma akwai abinda ke bani takaici har yau, a 2007 da AMAA suka bashi kyauta akan Sitanda na Izu Ojukwu, kyautar jarumi mai tasowa suka bashi. Mai tasowa fa, mutumin da a lokacin ya shekara 8 yana riƙe da kasuwar fim ɗin arewa gaba ɗaya, ba ƙauyen da ba'a san fuskarshi ba har Nijar da Kamaru da Ghana. Wato duk abinda yayi da Hausa a wurinsu ba'a lissafa shi ba, sai ranar da yayi da turanci aka fara ƙirga. Wannan raini ne a garemu, amma kuma ya kamata mu tambayi kanmu me yasa aikin namu bai kai inda za'a lissafa shi ba.

Maman Ihsan:
Ni kuma kaga nan ne bana tare da kai ko kaɗan. Su waye su da sai sun lissafa sannan abu zai zama abu? Wanda ya sa matan Rafindaɗi kuka baya buƙatar wani a Legas ya sa mashi hannu. Kai matsalarka duk abinda aka yi shiru-shiru ba waƙa shine iyawa a wurinka. Ka san wahalar tsayawa gaban kyamara kana bin bakin mawaƙi, muryar ba taka ba, ta su Misbahu M. Ahmad ce ko Yakubu Muhammad, amma ka sa mai kallo ya yarda daga zuciyarka take fitowa? Da yawa sun gwada abin ya zama abin dariya. Shi in yayi sai ka rantse shi ya rera. Wannan ma iyawa ce, kar ka raina ta dan kawai tamu ce.

Anti Rabi S/Unguwa:
Faɗa mashi dai Maman Ihsan.

Ustaz Kabir:
Assalamu alaikum. Ni ba mai kallon fim bane sosai amma tunda ana yabon finafinan kudu ya kamata a faɗi ɗaya gefen. A can babu iyakar da muke da ita a nan, ana riƙe hannu ana runguma, abinda a Kano hukumar tace finafinai bata yarda dashi ba tun da aka kafa ta a 2001. To in iyawar sai an tsallake wannan iyakar take fitowa, ni gara a zauna a inda ake. Ba zagin kowa nake ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Nura K/Marusa:
Ustaz ina girmama maganarka, amma abinda na yaba a Bello ba shi da alaƙa da taɓa mace, mutum ne a tsaye ana wulaƙanta shi yana haɗiyewa. Ana iya yin wannan a Kano ba tare da an saɓa ma kowace doka ba. Blood and Henna da Malam Hamisu ya kawo ma shaida ne.

Anti Rabi S/Unguwa:
Tunda Ustaz ya taɓo nan bari in faɗi abinda ke raina, dan ni abin yana mani ciwo. Namiji in ya tafi Legas yayi fim ana cewa ya ɗaga sunan arewa, ya wakilce mu. Mace in ta taka irin wannan hanyar sai a taso mata. Rahama Sadau da Ali ɗin ne ma ya fito da ita a Gani Ga Wane, a 2016 ƙungiyar masu fim ta MOPPAN ta kore ta daga masana'antar akan fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Ban ce abinda tayi daidai bane, ni uwa ce ina da 'ya'ya mata, amma ma'auni ya zama ɗaya. Shi namiji an bashi filin shekara 25 da zai yi ta gwada rawa kala-kala, yayi saurayi yayi miji yayi uba yayi kaka, ita mace shekara nawa ake bata? Ina Fati Mohammed da suka fara tare, ina Abida, ina su Maryam da yawa da suka haska suka ɓace, ko aure ya ɗauke su ko surutun mutane ya kore su, wadda ta dawo kuma sai dai a bata uwa ta fito sau biyu tayi faɗa ta koma ɗaki. To in ana lissafin wanda ya daɗe ya taka rawa iri-iri a tuna wasu ba'a basu filin daɗewar ba.

Maman Ihsan:
Wallahi Rabi kin gama magana.

Yaya Murtala (admin):
Anti Rabi wannan maganar taki tana son zama na musamman, mu ajiye ta zuwa wani lokaci a yi ta da kyau dan tana da faɗi.

Baba Sani mai kaset:
Ni ina da tambaya ga Nura. Wai dole ne sai mutum ya canza kama sannan ya zama gwani? Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙanshi, tun da ya fara har ya koma ga Allah a Disambar 2014 Ibro ne. Ka sa mashi rawani Ibro ne, ka sa mashi kakin ɗan sanda Ibro ne, ka maishe shi mai gadi Ibro ne. Amma a shagona ba kaset ɗin da ke tsinkewa dan yawan haya irin nashi, mutanen ƙauye in sun shigo ranar kasuwa shi suke tambaya kahin kowa. Har gidan yari aka kai shi a 2008 zamanin Malam Rabo, shugaban hukumar tace finafinai ta Kano, akan fim, ya hito ya ci gaba da abinshi. Akwai wanda zai ce Ibro bai iya ba dan bai taɓa zama wani ba Ibro ba?

Nura K/Marusa:
Baba ba wanda ya isa ya faɗi haka. Amma Ibro baiwarshi kenan, ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya zuba duk duniya a cikinshi, kuma ta bakin wannan mutumin ya faɗi abinda wasu basa iya faɗa ma masu mulki da masu kuɗi. Ali ba haka baiwarshi take ba, shi mai shiga rigar wani ne, irin su marigayi Kasimu Yero da za ka ganshi a Karambana kayi dariya ka ganshi a Magana Jari Ce ka ga wani mutum daban. Ko a yanzu ku dubi Rabi'u Rikadawa, mun sanshi da barkwanci amma da Aminu Saira ya bashi Baba Ɗan Audu a Labarina sai da mutane suka riƙa jin haushinshi da gaske kamar ya cuce su. To mai irin wannan baiwar in ka tsare shi a rawa ɗaya ka rage shi, Ibro kuma in ka fitar dashi daga Ibro ne ka rage shi. Ba ma'auni ɗaya bane.

Malam Hamisu Daura:
Wannan bambancin yayi. Kuma akwai abinda nake yaba ma Ali wanda ba kowane jarumi ke iyawa ba, sanin lokacin sauka. Da yawa sun kai shekara arba'in da wani abu suna nan suna bin yarinya sa'ar 'yarsu a lambu. Shi an haife shi 1974, da ya ga lokaci yayi sai ya ja baya ya koma uba da alhaji da mai gida, ya tura yara gaba. Mansoor a 2017 shi ya bada umarni amma Umar M. Shareef da Maryam Yahaya ya ɗora a gaba, a lokacin Umar mawaƙi aka sanshi, Maryam kuma sabuwa ce. Kuma a rawar uban ne ma nake ganin yanzu yake samun abinda Nura ke nema, saboda uba a labarin Hausa yana iya zama azzalumi yana iya zama mai tausayi yana iya zama mai ɓoye wani tsohon laifi, filin ya fi na saurayi faɗi nesa ba kusa ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu, masu tura fim a waya da fassarar Indiya suka gama da ita, aka koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24, ɗan wasa yana da sati-sati da zai gina mutum a hankali, ba kamar da ba da komai sai ya ƙare a kaset biyu.

Abbati Layout:
Ni dai a Izzar So na fi saninshi gaskiya, duk waɗannan tsoffin ban gansu ba. Kuma can ma Lawan Ahmad nake kallo, wanda ya fito a Umar Hashim.

Maman Ihsan:
Kaji ko, yaran yanzu basu ma san Sangaya ba. Abbati ka nema ka kalla dan Allah.

Abbati Layout:
A ina zan samu Anti? Na taɓa dubawa abinda na gani hoton duk ya dushe sauti na ƙara, ko minti biyar ban iya ba.

Anti Rabi S/Unguwa:
Ni kuma fim ɗin Amina da aka saka a Netflix a 2021 shine ya ɓata mani rai, Ali yana ciki shima. Sarauniyar Zazzau guda amma ana ta turanci a fada, kayan ma wasu ba irin namu ba. Shi da yake ɗan gida ai da ya faɗa masu.

Nura K/Marusa:
Anti ɗan wasa ne a wurin ba mai fim ba, ba lallai a ji maganarshi ba. Amma nima ban ji daɗin turancin ba, kuma ban sa shi cikin waɗanda nake yabo ba. Ba duk na kudu ne yayi kyau ba, akwai waɗanda aka kira shi kawai dan a samu fuskar Bahaushe a sa mashi babbar riga da hula ya zama Alhaji, wannan ma ƙuntatawa ce irin tasu. Abinda nake nema rubutu ne mai kyau ko daga ina ya fito.

Malam Hamisu Daura:
To yanzu ai magana ta koma hannun Ali. Tun Janairun 2024 shugaba Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos, garin da yayi jami'a ya karanta labarin ƙasa. Makarantar koyon fim tana ƙarƙashinta, ma'ajiyar tsoffin finafinai ta ƙasa ma haka. In da zan samu in gaya mashi magana ɗaya ita ce a horar da marubuta labari da Hausa, dan 'yan wasa muna dasu, rubutun ne ke kashe su. Na biyu kuma maganar Abbati ce, yaro yana son ya ga Sangaya bai samu mai kyau ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau fim nawa akayi da Hausa, nawa ne ke ajiye a wurin da za'a iya ɗaukowa? Muna musu akan Jamilu da Bello amma rabin gidan nan ba zasu iya zuwa su duba Jamilun ba balle su yanke hukunci.

Baba Sani mai kaset:
Malam Hamisu ka taɓo mani inda ke ciwo. Ina da kwalaye a ɗakin zaure cike da kaset tun da na rufe shago, na hana yara su zubar, damina ta taɓa wasu sun yi fari-fari a zaren amma da yawa lahiyarsu lau cikin kwalinsu na asali. Wasila na nan na ɗaya da na biyu, Sangaya na nan, Mujadala na farko na nan ba wanda aka sake ba, da na Ibro da yawa, har tsoffin mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, ɗan jiharmu ne, ina da wasu. Bidiyon ne ya lalace, ba mai gyara yanzu.

Yaya Murtala (admin):
Baba kar a taɓa su dan Allah. Akwai wani yaro mai ɗaukar biki da nasan yana da na'urar da ke juya kaset zuwa kwamfuta, yana yi ma mutane tsoffin kaset ɗin aurensu. Zan yi mashi magana in ji nawa yake yi, in yaso mu haɗa kuɗin a nan. Ba dan a watsa ba, masu fim suna da haƙƙinsu, dan dai kar su mutu a kwali.

Maman Ihsan:
Ni zan bada nawa, amma da sharaɗi a fara da Wasila. Sai Nura ya zauna ya kalli Jamilu da idon babba ba da idon yaron da aka ɗora a cinya ba, sannan ya zo ya sake faɗa mani wai waƙa ce ke yi mashi aikin.

Nura K/Marusa:
Na yarda Anti, ke kuma ki kalli Bello, turanci ne da buroka amma Ihsan zata fassara maki inda ya shige.

Maman Ihsan:
In dai akwai abinda Ustaz ya faɗa a ciki ba da Ihsan zan kalla ba.

Malam Hamisu Daura:
Akwai wuraren da ba na yara ba gaskiya Hajiya, ki kalla ke kaɗai ko ki fara da Blood and Henna. Yaya Murtala in an tashi zuwa wurin Baba a sanar dani, ranar Asabar ina shigowa Katsina, zan zo da buhun leda da busasshen ƙyalle a ware masu kyau daga waɗanda ruwa ya taɓa kafin a kai ma yaron, dan in aka sa mai fumfuna a na'ura yana ɓata kan.

Baba Sani mai kaset:
Ku zo bayan la'asar, da sahe ina kasuwa.